Ranar da Muka Kai Baba Zhubei

Baba ya shekara shida da rasuwa ranar da na ɗauke shi a mota na kai shi garin Zhubei. Ba shi kaɗai ba, har da kakana da kakata da wasu mutum tara da ban taɓa gani ba. Dukkansu suna cikin allon kakanni, ɗan akwatin katakon nan mai ɗauke da sunayensu, wanda ya zauna a kan teburin zauren gidanmu na garin Budai tun kafin a haife ni.

Ba don marmari muka tashe su ba. Gidan ne yake nutsewa, kamar sauran gidajen bakin tekunmu, kowace damina ruwa sai ya shigo mana har gwiwa. Inna kuwa shekararta tamanin da ɗaya, ita kaɗai a ciki, kuma bara sau biyu tana faɗuwa. A na biyun rabin yini ta yi a ƙasa kafin maƙwabciya ta leƙo. Ƙanena Bun-hiong, wanda yake aiki a masana'antar kayan lantarki can arewa, ya sayi gida a hawa na sha tara a Zhubei, ya ware mata ɗaki, ya sa an kafa teburin kakanni sabo fil. Ni ba zan iya ɗaukarsu ba. 'Ya mace ce ni mai aure, teburin gidan mijina nasu kakannin sun cika shi.

Wata bakwai muna lallashi kafin Inna ta yarda, kuma yardar da sharaɗi ta zo. Ta ce za a tafi da Baba yadda ake tafiya da su: allon a cikin jan kwando, baƙar lema a kansa kada rana ta taɓa shi, turaren tsinke yana ci tun daga tsohon tebur har sabo, ana kuma gaya masa duk gadar da za a haye don kada ya tsaya a bakin ruwa. Tsohon da yake duba wa mutane rana a unguwarmu ya ce a zaunar da allon tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe, kada a wuce.

"Idan wutar ta mutu a hanya, ya sauka ke nan, ya koma gida," in ji Inna. "Ni kuma inda yake, nan nake. Ki juya motar kawai, kada ki ce mini komai."

Na ce na ji. Na san Inna, idan ta faɗi magana da wannan muryar ba ta sake ta. Amma ko a jikina, domin ni Hsiao A-Kiau ban taɓa ɗaukar kaya na kasa kai su ba. Shekara ashirin da biyu ina jigilar kawa, wannan naman teku mai ɓawo, a a-kori-kurata shuɗiya, kuma kawa ba ta jiran kowa, ka makara awa ɗaya ta soma wari. Na sayo turare mai kauri, na kunna guda uku a kicin ina duba agogo, na ga kowanne yana cin minti arba'in da biyar. Na ɗauki goma sha biyu. Na shimfiɗa taswira na ƙirga manyan gadoji na rubuta a bayan takardar kalanda, tare da adireshin Bun-hiong.

Shi dai Bun-hiong ya so ya zo da motarsa mai farar kujera ya kwashe mu. Inna ta ce Baba bai san wannan motar ba, ba zai shiga ba, amma tawa ya shekara goma sha biyar yana zama a gabanta yana yi mini gyaran tuƙi. Sai ya ce to, bari ya tare mu a bakin gari ya shige mana gaba, tunda ban taɓa zuwa sabon gidan ba. A nan ne na yi masa dariya. Na tuna masa cewa shekara huɗu na yi a masana'antar tayil ta Zhubei lokacin yana yawo da majina a hanci, ba lungun da ban taka da keke ba. Ya ce, "Yaya, shekara talatin ke nan fa." Na ce gari ba ya tashi daga inda yake, ya tsaya a ƙofar gidansa da wankakken hannu ya jira mu.

Ƙarfe shida muka fito. Inna ta kunna turare ta yi wa mutanen allon bayani ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirya yara zuwa makaranta, sannan na riƙe lemar ta ɗauko kwandon. Har na tayar da mota ta ce in riƙe mata, ta koma cikin gida. Na jiyo ta tana taɓa wani abu can wajen ƙofar baya, na ɗauka banɗaki ta shiga. Da ta dawo ta kulle ƙofar gaba, ta jefa makullin a aljihun rigarta, ta karɓi kwandon ta ɗora a cinya.

Ina saka adireshin a waya, muryar matar nan mai nuna hanya ta ce in yi dama bayan mita ɗari biyu. Inna ta tambaya wace ce wannan. Na yi mata bayani. Ta miƙo hannu ta zare wayar, ta danne ta har ta mutu, ta tura ta ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai. Ta ce murya ɗaya zai bi, ta gida. Mata biyu suna ba shi hanya, ɗaya ma baƙuwa mai zaƙin murya, ai ta san wadda zai bi.

Ban yi musu ba, don hanyar a tafin hannuna take. Babbar hanyar bakin teku ce, mai lamba sittin da ɗaya, wadda nake bi kowane wata in kai kaya tashar masunta ta Hsinchu. Daga can zuwa Zhubei kogi ɗaya ne tsakani.

"Tsoho, gada ce, ka biyo mu," in ji Inna ga Baba a gadar farko, tana kallon cikin kwando. Haka ta faɗa a ta biyu da ta uku, ni kuma ina soke su a takarda da farce. Matsalar da ban hango ba ita ce, rabin hanyar nan a sama take, a kan ginshiƙai, kilomita da kilomita. Da muka hau, Inna ta tambaya wannan gada ce ko hanya. Na ce hanya ce. Ta leƙa ƙasa ta ga tafkunan kifi suna wucewa a ƙarƙashinmu, ta ce duk abin da ruwa yake ƙarƙashinsa gada ne, kada in raina mata hankali. Ta shiga kira ba tsayawa har muryarta ta dushe, sannan ta miƙa mini aikin. Ni kuwa na taƙaita, duk bayan minti ɗaya sai in ce, "Baba, har yanzu dai gada." Takardar ƙirgata ta zama ta goge gilashi.

Gilashin a rufe yake sai ɗan tsagi kamar kaurin yatsa, hayaƙi ya cika motar, idanunmu suna ta ruwa kamar masu yanka albasa. Duk da haka tafiyar ta yi daɗi. Idan tsinke ya kusa ƙarewa, Inna takan ɗauko sabo ta kara kansa a kan na da har ya kama. Ta ɓare mana shinkafar da ta naɗe a ganye tana ba ni a baki. Da muka iso inda manyan fankokin lantarki suke jere a bakin ruwa, ta karkata kwandon wajen taga ta ce wa Baba ya ga abin da mutane suka yi da iska, shi da ya ƙare rayuwarsa yana zaginta. Rabon da in ji ta da surutu haka tun yana da rai, sai na ji zuciyata ta yi sanyi.

Ƙarfe tara da minti arba'in muka haye kogin Touqian. Na ce wa Inna ta shirya, minti goma ya rage mu sha shayi a gidan ɗanta. Abin da na sani shi ne, idan ka sauka daga gadar za ka hango dogon bututun hayaƙin masana'antarmu, ka bi shi har wata katuwar bishiya mai ɗan ɗakin bauta a gindinta, daga nan gabas duk gonakin shinkafa ne da agwagi. A cikin gonakin nan aka ce an gina unguwar Bun-hiong.

Babu bututu, babu bishiya. Agwagwa kuwa sai wadda aka gasa aka rataye a tagar gidan abinci. Benaye ne hagu da dama, kowanne ya fi hawa ashirin, wasu da labule a tagogi, wasu an lulluɓe su da koren raga ana kan gini, injinan ɗaga kaya suna juyawa a samansu. Titunan faɗi ne da su, sababbi, da 'yan bishiyoyin da aka tokare da sanduna. Sunayensu kuma kusan ɗaya, sai lamba ta bambanta su: na ɗaya, na biyu, na shida, kowanne da sashen gabas da na yamma. Na sami titin da ke takardata, na bi shi, sai ya ƙare a jikin katangar kwano ta masu gini. Na zagaya in same shi ta ɗaya gefen, na fito a wani titi mai irin sunan amma ba shi ba.

Na ci gaba da tuƙi da fuskar wadda ta san inda za ta. Inna kuwa da kwando take magana. "Tsoho, mun yi hagu. Mun sake yin hagu. Wannan likitan haƙorin da ka gani ɗazu ne, kada ka ɗauka wani ne." Karo na uku da muka wuce shi ta ce ko Baba zai sauka a duba masa haƙora, tunda da alama a nan 'yarsa take so ta ajiye shi.

Da a ce na nemi ta ba ni wayar, da magana ta ƙare. Amma da bakina na ce gari ba ya tashi daga inda yake, kuma na san Bun-hiong sai ya shekara goma yana maimaita mini. Ƙarfe goma da kwata ta yi. Na hangi wata mata a gefen titi tana tura keken jarirai, da na matso na ga kare ne a ciki sanye da riga. Na ce ko ma mene ne a ciki, 'yar unguwa ce. Na tsaya, na murɗa gilashina ƙasa gaba ɗaya don in tambaye ta.

Na manta da iskar wannan yanki, ni da na yi shekara huɗu tana fizge mini hula. Iskar kaka ce, wadda suke shanya taliya da ita, kuma tsakanin dogayen benayen nan ta sami hanya ta ƙara ƙarfi. Daidai lokacin Inna tana kara sabon tsinke a kan guntun da ya rage. Iskar ta shigo ta fige jan kan wutar ɗungurungum, ya faɗa kan tabarmar ƙasan mota, wadda ba ta taɓa bushewa ba saboda ruwan kawa. Na ji ɗan sautin mutuwarsa. Sabon tsinken bai kama ba.

Akwai ashana a aljihuna. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in ce mata ga wuta nan a jikin guntun, idonta ne bai gani ba, in karɓa in yi dabara. Amma da na juyo, tsinkayen biyu suna hannunta tana kallonsu, ta riga ta gani sarai. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ranar da maƙwabciya ta kira ni. Na hango ta a kwance a jiƙaƙƙen simintin nan, kuma wannan karon ni ce na mayar da ita, da girman kaina. Na riƙe sitiyari ina jiran ta ce in juya.

Sai ta ce in buɗe mata ƙofa, in kawo lema.

Muka sauka a gefen titi, gaban wani shagon burodi. Na buɗe lemar na riƙe ta da hannu biyu iska tana neman ɗaga ni sama. Inna ta ajiye kwandon a kan dakalin fulawa, ta durƙusa da ƙyar, ta zaro 'yan katakan tambaya daga gefen allon, jajayen nan biyu masu siffar jinjirin wata. Kowa ya san karatunsu: ɗaya a kife ɗaya a buɗe, an ce e. Duka a kife, a'a. Duka a buɗe, dariya ake yi maka. Matar mai kare ta ja kekenta baya kaɗan ta tsaya kallo.

"Tsoho, kana nan tare da mu?" Ta saki katakan, suka faɗi duka a buɗe.

"Dariya ko? Ka koma gida ke nan?" Ta sake jefa su. Suka faɗi duka a kife.

Ta tambaya ko fushi yake don A-Kiau ta yi ta zagaye da shi kamar buhun gishiri. Aka sake yin dariya. Ta tambaya ko hayaƙin ne ya dame shi, aka ce a'a. Ina kallon agogon shagon burodin ta gilashi, goma da rabi ta gota. Inna ta tattara katakan ta riƙe a ƙirji, ta ɗaga kai ta bi benen da ke gabanmu da kallo har ƙarshensa. Ta daɗe a haka. Da ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuyo da lemar kafin na ji.

"Tsoro kake ji? Ba ka san kowa a nan ba. Ba ka jin yarensu, jikokinka ma da ƙyar suke jin naka. Ba ƙofar gida da za ka sa kujera ka zauna a gaishe ka. Kana tsoron a rufe ka a sama kamar tsuntsu, ka mutu ba wanda ya san sunanka a titi. Shi ne?"

Ta saki. Ɗaya a kife, ɗaya a buɗe.

Baba mutum ne da yake fita duba gonar kawarsa ta cikin teku guguwa tana kan hanya, kuma duk inda ya sauka kafin ya sha ruwa ya yi abokai uku. Ban taɓa sanin abin da yake tsoro ba, kuma wanda ya riga ya mutu ba ya fargabar mutuwa a sama. Wata bakwai ina yi wa matar nan lissafin lif da asibiti da ruwan zafi, ina ce mata mai taurin kai, ko sau ɗaya ban tambaye ta abin da ta tambayi katakon nan ba. Kunya ta rufe ni, hawaye suka zubo, kuma ba hannun da zan share su.

Inna ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da ta daɗe da sani. Ta ce, "To, ba komai. Ni zan riƙe ka, mu shiga tare. Ni ma da aka kawo ni gidanku ban san kowa ba." Ta mayar da katakan cikin kwando.

Na ce, "Inna, ba za ki jefa katakan ki ji ko ya yarda ba?"

"Tambayarsa na yi? Gaya masa na yi. Kawo ashanar da kike ta shafawa a aljihu."

Na durƙusa na kare ta da jikina da lemar, ta ƙyasta sau uku kafin tsinken ya kama. Da muka koma mota ta ɗaga cinya ta zaro wayar, da ɗuminta, ta ce in kira ƙanena, muryarsa ta gida ce. Bun-hiong ya ɗauka tun kafin ta yi ƙara. Na gaya masa sunan shagon burodin. Ya ce in ɗaga kaina. Can sama, a benen da Inna ta gama kallo, wani ɗan mitsitsin mutum yana kaɗa farin tawul. Ƙofar shigarsu ta bayan titin take. Sau uku ina wuce gidan, kuma har yau yaron nan bai ce mini komai a kai ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Shi ya karɓi kwandon a ƙofa, matarsa Pei-ru ta kama Inna. A cikin lif Inna ta ce, "Tsoho, sama za mu yi, ka riƙe," ita kuma ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Ƙarfe sha ɗaya saura minti takwas allon ya zauna a sabon tebur, hayaƙi yana tashi a miƙe. Aka jera shinkafa da kifi da lemo, muka sunkuya bi da bi.

Bayan an ci abinci na same ta a tagar ɗakinta. Daga can, bayan benaye da gonakin da suka rage, ana hango teku, siriri kamar zare. Ta ce ruwan nan ɗaya ne da namu? Na ce ɗaya ne. Ta ce bai kai namu kyau ba, amma a jawo mata kujera nan.

Da na tashi tafiya ta raka ni har bakin lif, tana jan sababbin silifas da suka yi mata yawa. Ta laluba aljihu ta ciro makullin gidanmu, ta sa a tafina ta naɗe yatsuna a kai.

"Ki biya ta gida kafin ki wuce," in ji ta. "Na bar masa ƙofar baya a buɗe, ko da zai koma. Ki rufe ta."